Kowa Ya San Fadamar Aulis

Raili Tolonen ta yi shekara talatin da ɗoriya tana dafa wa yaran makarantar Korpila abinci, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko ranar da tukunyar miya ta kife mata a ƙafa. Waɗanda suka ci girkinta yanzu sun zama iyaye, wasu har da furfura, amma in ka tambaye su yadda muryarta take sai su tsaya tunani. Ludayinta suke tunawa, da yadda take ƙara wa yaron da ta ga ya rame ba tare da ya roƙa ba. A gida ta koyi haka. Mahaifinta yakan wuni bai ce uffan ba, in ya buɗe baki da yamma ya ce gobe za a yi ruwa, to an yi hira ke nan.

Sai Allah ya haɗa ta da Aulis, mai gyaran injunan noma. Mutanen Kainuu ko a cikin 'yan Finland an san su da ƙarancin magana, amma shi kamar an tattara surutun gundumar duka an ba shi ajiya. Yana magana da tarakta, yana magana da kare, yana mayar wa rediyo martani. Raili takan ce da 'yarsu auren ya yi daidai, tunda gida ɗaya baki ɗaya ya ishe shi.

Da wayoyi suka cika hannun kowa, Sirkka Juntunen, mai sayar da gahawa a gidan man garin, ta buɗe zaure a waya, ta sa masa suna Masu Tsinkar Hilla. Hilla dai ita ce 'yar itacen nan mai ruwan zinariya da ke nuna a fadama na 'yan makonni a tsakiyar bazara, wadda mutum zai wuni sauro na cin sa don ya cika bokiti ɗaya da ita. Kowa ya shiga zauren, har waɗanda suka koma Oulu da Helsinki tun da daɗewa. Sunaye sun kai ɗaruruwa. Masu magana kuwa ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba, kuma biyu daga ciki Aulis ne da Sirkka.

A Korpila ba a faɗin fadama. Mutum zai ba ka aron motarsa, ya ba ka mabuɗin ɗakin wankan tururinsa, amma in ka tambaye shi inda ya tsinko hilla sai ya ɗaga haɓa wajen daji ya ce, can. Aulis ya gaji tasa daga mahaifinsa, kuma ko Raili, da suka haura shekara arba'in tare, ba ta taɓa taka ta ba. Ba ta taɓa tambaya ba kuma. Duk bazara yakan ɗora hoton bokitinsa a zaure, ya karkata wayar yadda ba a ganin komai sai hilla da sararin sama, ya rubuta cewa ga abin da maza suka samo yau, masu barci su ci gaba da barci. Kafin a jima Sirkka za ta amsa cewa ita fa ta san rabin bokitin nan gansakuka ce, an yayyafa hilla a sama don hoto. Daga nan sai su wuni suna yi.

Raili ba ta bari ko layi ɗaya ya wuce ta. Da safe takan zuba gahawa, ta sa tabarau, ta karanta komai tun daga inda ta tsaya jiya. A nan ta ji sanyi ya kashe fure a fadamun arewa, a nan ta koyi yadda ake dafa hilla da sukari kaɗan ba ta lalace ba, a nan ta ga jikokin mutanen da ta ciyar. Wani lokaci takan yi dariya ita kaɗai har ta share hawaye. Ta sha fara rubutu. Sai ta duba ta ga wani ya riga ya faɗi abin, ko ta tuna cewa maganar baki iska ke tafiya da ita, ta waya kuwa tana nan zaune, matar limamin coci za ta gani, surukarta ta Oulu ma za ta gani. In kuma ta ce hillar bana ta yi kyau, wani zai ce a ina. Sai ta goge, ta tashi ta wanke kofi.

Aulis yakan tsokane ta da 'yar laɓe. Sirkka kuwa abin na ci mata rai da gaske. Duk sanda Raili ta shiga gidan mai sayen burodi sai ta ji ta tana mita, wai waya na nuna mata ɗaruruwa sun gani amma ba mai tari, kamar tana wa'azi a maƙabarta. Ta rantse ƙarshen bazarar nan za ta share duk wanda bai taɓa rubuta ko kalma ɗaya ba. Raili ta ji maganar har cikin ranta, don ba ta san yadda safiyarta za ta kasance ba tare da zauren ba. Abin da ta ce kawai shi ne a ba ta baƙin burodi biyu.

A bazarar nan ne 'yarsu ta zo hutu, tana hira ta gaya wa babanta cewa waya na riƙe duk inda mutum ya taka, har hoto ma yana ɗauke da wurin da aka ɗauke shi. Daga ranar Aulis ya daina zuwa fadama da waya.

Ranar da abin ya faru ya fita da sassafe da bokiti da 'yar guzurin burodi, ya ce zai dawo cin abincin rana, a yi miyar kifi. Aulis yana da ciwon sukari, kuma duk surutunsa ba ya wasa da lokacin abinci. Rana ta take, dankalin miya ya narke, bai dawo ba. Raili ta sauke tukunya, ta sake ɗorawa, ta sake saukewa. Da ta kira lambarsa, sai akwatin burodi ya fara ruri a kan kantar kicin. Ta buɗe, ga wayar nan kwance tsakanin burodi da wuƙa.

Ta jira har inuwa ta fara karkata, sannan ta kira lambar agaji. Matar da ta ɗauka ta tambayi shekarunsa da ciwonsa da abin da ya sa a jiki, sannan ta tambayi inda ya tafi. Raili ta ce fadama. Matar ta ce wace fadama, Raili ta ce tasa. Su biyun sun san rabin ƙasar Kainuu fadama ce. Matar ta ce za a turo mutane su fara daga inda ya ajiye mota. Raili ta gaya mata motar ƙarya ce, don Aulis da kansa ya sha yin alfahari cewa duk wanda ya bi motarsa zai ƙare a cikin tafki.

"To baiwar Allah," in ji matar, "ki nemi wanda ya sani. Kowane ne. Mai ciwon sukari ba zai jira mu mu duba daji gaba ɗaya ba."

Raili ta zauna a kujerar da take karatun safe, ta buɗe zauren. Ta san abin da rubutun zai jawo. In Aulis ya turo ƙofa yanzu da bokitinsa, ta gama kunyata shi a gaban gari, ta kuma sa an fara farautar fadamar da mahaifinsa ya bar masa. In bai turo ba fa? Ta dubi kwanonsa a kan tebur da cokali a gefe. Ta rubuta cewa Aulis ya tafi fadamarsa tun safe bai dawo ba, ya bar waya a gida, yana da ciwon sukari, ita kuma ba ta san inda fadamar take ba. Yatsanta ya nufi wajen gogewa kamar kullum, don ya saba. Ta janye shi ta tura.

Adadin waɗanda suka gani ya fara hawa. Ba wanda ya ce komai. Raili ba ta yi mamaki ba, don ta daɗe a wancan ɓangaren. Ta san kowa na riƙe da wayarsa yana jiran wanda ya fi shi sani ya fara. Sirkka ce ta fara, ta ce ga ta nan zuwa da mota, kada Raili ta motsa.

Sai wani suna ya bayyana wanda ba a taɓa gani a zauren ba: Tauno Moilanen, direban motar katako, mutumin da ko gaisuwa da ɗaga yatsa biyu daga sitiyari yake yin ta. Ya rubuta cewa motar Aulis tana bakin tafki, amma ba can yake ba. Yana ɓoye keke a bayan tarin itace, ya bi hanyar daji ta gabas, ya wuce gada ta biyu. Daga nan shi bai sani ba.

Kafin Raili ta gama karantawa, Kerttu Huotari ta shigo. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, ba wanda ya ma san tana da waya. Rubutunta duk manyan baƙaƙe ne a cukurkuɗe, amma ana ganewa. Ta ce bayan gadar akwai tudu, bayan tudun akwai busasshiyar bishiya mai kai biyu da aradu ta tsaga. Ta gan ta a gefen hoton Aulis na bara waccan. Nan ce fadamar, mahaifinta ya yanki ciyawa a can tana yarinya. A yi hankali da ɓangaren yamma, akwai ido.

Duk ɗan Korpila ya san idon fadama: wuri ne da yake kore shar kamar za a shimfiɗa tabarma, ƙarƙashinsa kuwa taɓo ne da ba shi da gindi.

Daga nan zauren ya tsinke. Wani ya ce ya san inda Aulis ke hura wutar gahawarsa, kusa da wani dutse. Wata ta ce mijinta ya fita da babur mai taya huɗu. Wani ya ce yana ɗauke da katakai da igiya. Sauran kalma biyu suka yi ta rubutawa, na fito, na fito, sunaye na ta gangarowa waɗanda Raili ta san su tun suna riƙe da kwano a layi. Ta sake kiran matar agaji ta karanta mata kwatancen, ta cika butar gahawa ta zuba sukari da yawa, ta sa takalmin roba.

A mota Sirkka ta yi ta tuƙi tana leƙen waya, har Raili ta karɓe ta.

"Tsaya in gane," in ji Sirkka. "Wato duk garin nan sun san fadamar mutumin nan, ni kaɗai ce shashasha? Ni da nake buɗe musu zaure ina kwana ina tashi a ciki?"

"Da ni," in ji Raili.

"Ke matarsa ce, ke dole a ɓoye miki. Ni fa? Tauno kullum yana shan gahawa a wajena. Kofi biyu, da waina. Bai taɓa cewa komai ba sai a ƙara madara."

Rana na sama sosai da suka isa, don a wannan lokaci na shekara ba ta saurin sauka. Ga keken Aulis a jingine bayan gada, ga motoci sun yi layi a gefen hanya. Suka hau tudun da ƙafa, sauro ya yi musu rakiya. Daga sama Raili ta hango bishiyar mai kai biyu, ta hango fadamar da aka ɓoye mata tun tana amarya, shimfiɗe, ɗige-ɗige da ruwan zinariya. Can yamma ga mutane sun yi baka, ga wani abu ja a tsakiyar koren. Hular Aulis ce.

Ya nutse har cinya, ƙafa ɗaya ta murɗe a ƙarƙashinsa. Ya rungumi wani curin ciyawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da bokiti a sama kada ya kife. Fuskarsa ta kumbura da cizon sauro, jikinsa na rawa. Tauno ya jera katakai, ya ja ciki a kansu kamar ƙadangare, ya ɗaura masa igiya a ƙirji. Aulis ya ƙi sakin bokitin sai da aka karɓa hannu da hannu aka kai shi tudu. Sannan aka ja, fadamar ta sake shi da wani sauti kamar ba ta so, ta riƙe takalminsa ɗaya.

Raili ta durƙusa ta kafa masa butar a baki. Ya sha, ya sha, idonsa ya fara dawowa. Abin da ya fara gaya mata shi ne ya cinye rabin hillar, don da burodi ya ƙare ya ji sukarinsa na sauka ba shi da wani abin. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin rasuwa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi mutanen da suka kewaye shi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dubi bishiyar.

"Wa ya gaya muku?"

Aka dubi juna. Tauno yana naɗe igiya, bai ɗago ba. Ya ce ba wanda ya gaya musu, hanya ce, mutum yana wucewa yana gani.

"Tun yaushe?"

"Tun kana da jar motar nan."

An sayar da jar motar tun 'yarsu na firamare. Aulis ya buɗe baki ya rufe. Ya tambayi Tauno me ya hana shi faɗa duk shekarun nan, yana kallonsa yana wahalar ɓoye keke.

"Ba ka tambaya ba," in ji Tauno. "Kuma ai taka ce."

Sirkka ta ce wannan ce rana ta farko da ta ga an rufe wa Aulis baki, a bar ta ta ɗauki hoto. Masu agaji suka iso da gadon ɗaukar majinyaci, aka ɗauke shi a kan kafaɗu aka haura tudun, wani yana biye da bokitin.

Ya yi 'yan kwanaki a asibiti da ƙafa a naɗe. A tsakanin nan Raili ta dafa ragowar hillar, ta zuba a kwalba, ta kai wa Kerttu. Suka zauna a kicin da gahawa da gasasshen cuku. Can Raili ta tambaye ta me ya sa ba ta taɓa rubutu a zaure ba, tunda ashe tana ciki tun farko.

Tsohuwar ta ce me za ta rubuta? Ƙafafunta sun daina zuwa fadama tun da daɗewa. Zauren shi ne fadamarta yanzu, da safe ta shiga ta zagaya ta fito. Hotunan Aulis ma ta fi jira, don a gefensu takan ga ɗan reshe ko ɗan tudu na wurin da ta yi ƙuruciya.

"Da na ce na gane wurin, da na ɓata masa wasa," in ji ta. "Shi yana jin daɗin ɓoyewa, mu muna jin daɗin kallo. Wa aka cuta? Ke fa, 'yar nan, me ya hana ki?"

Raili ta ce ita ma haka. Kerttu ta gyaɗa kai ta tura mata farantin cuku.

Ranar da aka sallamo Aulis, Raili ta zauna za ta yi godiya. Ta rubuta doguwa, da sunan kowa, da mai katakai da mai babur da wadda ta kawo barguna. Ta karanta, ta ga in Tauno ya ga sunansa a haka ba zai ƙara shiga gidan mai ba sai hunturu. Ta goge. Ta rubuta cewa yana gida, ta gode musu. Ɗaruruwa suka gani. 'Yan kaɗan suka ɗaga babban yatsa. Ba wanda ya amsa, kuma a karon farko ta ji shirun nan daga ɓangaren mai magana, ta ga ashe cike yake da mutane.

Kafin mako ya zagayo zauren ya koma hannun masu shi, su Sirkka da Aulis da sauran ukun. Tauno bai ƙara rubuta komai ba. Kerttu ma haka. Sirkka ba ta daina mita ba, amma maganar share mutane ba ta sake tashi ba. In ta ɗora abu yanzu takan ƙara da cewa ta san suna nan, munafukai, su ci gaba da laɓe.

Aulis ya yi hunturu guda yana makokin fadamarsa. Ya ce bana kafin ya isa za a tsince ta tas, ko ganye ba zai samu ba. Da bazara ta dawo, ran nan da safe ya tsaya bakin ƙofa yana juya hula a hannu, ya ce da Raili in ba ta da aiki ta ɗauko bokiti, tunda dai yanzu ba sauran abin ɓoyewa. Ta ɗauko. Ta kuma buɗe akwatin burodi ta duba, sannan ta shafa aljihunsa ta ji wayar na ciki.

Suka ajiye mota a bakin gada, ba keke ba dabara. Da suka hau tudun, Aulis ya tsaya cak. Fadamar na nan yadda take, hilla ta nuna ko'ina, ba sawun kowa. Can yamma kuwa, a gefen idon, an jera sababbin katakai an buga su da ƙusa, an kafa sanda an ɗaura mata jan ƙyalle. Aulis ya daɗe yana kallo. Ya ce aikin Tauno ne, ya san bugun ƙusarsa. Ya sake dubawa ya ce ko kuma na mai babur ne. Raili ta sunkuya ta fara tsinka.

Da yamma ya ɗora hoto. Ya karkata wayar sama kamar yadda ya saba, ya yanke bishiyar mai kai biyu da kyau, ya rubuta cewa ga abin da maza suka samo yau, wanda ya isa ya faɗi inda aka tsinko. Sirkka ta amsa cewa rabin bokitin gansakuka ce, sauran rabin kuma Raili ce ta tsinka. Raili na zaune kusa da shi da tabarau a hanci, tana kallon adadin masu gani yana hawa, yana hawa, ba wanda ya faɗi inda aka tsinko. Ta bar shi ya ɗan ƙara hawa, sannan ta kife wayar a kan tebur ta tashi ta ɗora gahawa.